Shekarar da Na Soye Irin Dankalin Garinmu

Duk wanda ya gaya muku cewa kafin ni akwai wani mahaluki da ya taɓa noma dankalin turawa a Nassarawa GRA, ku ce ya zo ya same ni da shaidunsa. Ni ne na farko, kuma har yau ban ji wanda ya kamo ƙafata ba. A shekarar da abin ya fi kyau na haƙo wata ƙwaya da sai da muka ɗauke ta mu biyu da mai lambu kafin ta shiga kicin. Ummanku tana cewa ba ta fi ƙwan agwagwa ba, amma ku tuna a lokacin tana fama da goyo, ba ta cika leƙa lambun ba.

Na ɗauko zancen ne saboda na sha jin kuna ba wa abokanku labarin ranar da Baba ya soye iri, kuna dariya kamar wani taɓin hankali ne ya same ni. Har na ji Hadiza tana gaya wa mijinta wai fushi na yi da Baffanku Sani. To, ku zauna ku ji daga bakin mai abin.

Lokacin kuɗin mai ne. Ƙasar nan ta kwana da yunwa ta tashi da ƙoshi, kowa ya rasa inda zai sa kansa. An ƙara mini girma a ma'aikata, aka ba ni gidan da wani Bature ya tashi daga ciki, mai filin da in ka tsaya a wannan kusurwa ka ƙwala wa mutum kira a waccan, sai gobe zai amsa. Maƙwabtana duk sun shafe nasu filayen da siminti, ko sun shuka furannin da ko akuya ba ta ci. Shinkafa daga waje, kaji daga waje a daskare, har tsinken sakace. In ka ce kai manomi ne a wancan zamani, sai a dube ka da tausayi. Ni kuwa ɗan fadama ne, daga wani ƙauye a bakin kogi ta wajen Wudil, inda tumatir da tattasai suke ciyar da gari duk rani. Ba na iya ganin ƙasa a zaune. Da aka tura ni rangadi Jos, na dawo da rabin buhun dankalin turawa a bayan mota. Da sanyi ya shigo, ni da Malam Ado mai lambu muka yi kunya muka binne, muna ba shi ruwan famfo safe da yamma. Allah Ya yi masa albarka. Ya yi kyau har ni kaina na tsorata.

Daga nan bakina bai ƙara rufuwa ba. A ofis dankali, a masallaci bayan Magariba dankali, a wajen suna dankali. Liman ya taɓa roƙona in bari a shafa fatiha tukuna.

Abin da ya jawo komai shi ne tsaraba. A shekarun nan maƙwabtana suna tafiya ƙasar waje kamar yadda ake leƙa kasuwar Sabon Gari, kuma kun san mu, ba a dawowa daga tafiya hannu biyu. Wannan a kawo masa turare, wancan agogo, wani yadin shadda. Ni kuwa kowa ya huta da tunanin abin da zai kawo mini. Alhaji Tijjani ɗan kwangila ya dawo daga Holand da wasu ƙwayoyi masu jar fata a cikin safarsa. Alƙalin da gidansa ke kallon namu ya kawo na Ingila a aljihun kwat. Likita ya kawo na Indiya. Wani ya kawo na Kenya. Wata Hajiya ta ɗauro nata a bakin mayafi daga Makka, ta ce a shuka don albarka. Babu wanda ya ɗauki abin a bakin komai, ni ma haka. Na riƙa karɓa da hannu biyu ina shukawa kunya kusa da kunya, kowace da sunan wanda ya kawo ta. In baƙo ya zo sai in zagaya da shi duniya ba tare da fasfo ba.

Matsala ɗaya ita ce zafin Kano. Ana haƙe dankali a ƙarshen sanyi, kuma dole irin ya jira har wani sanyin, alhali bazararmu tana iya dafa ƙwai a aljihu. Iyakwandishan ɗaya ce a gidan, a ɗakin baƙi. Sai na fitar da gado, na shimfiɗa yashi, na jera iri, na kunna masa. Baƙi suka koma falo.

Ummanku ta tsaya a bakin ƙofa tana fifita da murfin kwano, ta ce, "Alhaji, ni da na haifa maka 'ya'ya fanka, dankali kuma iyakwandishan. Allah Ya sa ya yi maka jinya in ka tsufa."

Da Babbar Sallah na je gida. A zauren mai gari, gaban dattawa, baki ya kwashe ni. Na ce baɗi war haka kowane magidanci a garin zai samu irin dankali daga hannuna, kyauta, kuma nan da ɗan lokaci motoci za su riƙa layi a bakin fadamarmu. Mutane suka yi ta murmushi, don sun san ni tun ina yawo ba wando. Ba ni suke kallo ba, Yaya Sani suke kallo. Ku da kuka san shi da furfura ba ku san ko wane ne shi ba. Shi ya riƙe ni da mahaifinmu ya rasu. Shi ya tsaya a gona ni na tafi makaranta. Mutum ne da maganarsa ta shekara ba ta kai tawa ta wuni ɗaya ba, kuma shi ya sa in ya ce abu, an gama. Ya dube ni ya tambaye ni sau ɗaya ko na tabbata. Na ce in dai ina numfashi. Sai ya juya ya gaya wa mutane cewa shi zai bar rabin fadamarsa ga dankali, wanda ya ga dama ya bi shi. Da yawa suka bi shi.

Sanyin da ya biyo baya na shuke filin kaf don in tara irin da zai ishi gari. Ya tsiro lafiya. Ana nan sai ganye ya fara wani abu. A kunyar Alƙali ya yi dabbare-dabbare, kore da ɗorawa, kamar atamfar da ta zuba. A ta Alhaji Tijjani ya yamutse ya ƙanƙance. A wasu kuma ganyen ƙasa ya bushe yana reto a jikin kara. Na ƙara taki, na yi feshi, na sa Malam Ado ya ƙara ruwa, na sa ya rage. Ko gezau.

A nan Kawunku Nuhu ya shigo labarin. Ƙanin Ummanku ne, kun san tsakanina da shi ba a gaisuwa sai da tsiya. Bai daɗe da dawowa daga karatu ba, ya zama dakta a kan cututtukan shuke-shuke, yana aiki a wata cibiyar bincike ta wajen Zariya. Ni ina kiransa likitan ganye, shi yana kirana Sarkin Noman Siminti. Ya zo hutun mako, na ja shi lambu don in burge shi. Ya tsuguna, ya juya ganye, ya nuna mini darɓa, 'yan mitsi-mitsin ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye. Ya tambayi inda na samo kowane iri. Ina lissafa masa ƙasashe cikin alfahari, shi kuwa fuskarsa tana canjawa, har na lura ya daina dariya. Ya ce ashe ban san akwai doka a kan shigo da shuka daga waje ba. Na ce tsaraba ce, ba fasa-ƙwauri ba.

Ya ce yana zargin wata ƙwayar cuta ce da suke kira bairos, wadda ba ta jin feshi, darɓa ke ɗaukarta daga wannan shuka zuwa waccan, sannan ta sauka cikin ƙwayar dankalin ta kwanta, ta tashi tare da tsiro baɗi. Amma ya ce ba zai yanke hukunci da ido ba. Ya ɗebi ganye, da aka haƙe kuma ya dawo ya ɗebi ƙwayoyi daga kowace kunya. Ya ce sai sun gama barcinsu sun tsiro a wajensa kafin ya san gaskiya, kuma hakan zai ɗauki watanni. Dankalin da muka haƙa kuwa sumul, ba tabo. Na cika ɗakin baƙi har taga. Na ce wa Ummanku ƙaninta ya yi karatu har ya fara ganin aljanu a ganye.

Damina ta zo ta wuce. Yaya Sani ya aiko cewa ranar Lahadi za su zo da babbar mota su kwashi iri. Ranar Asabar da hantsi sai ga Nuhu, bayan motarsa cike da tukwanen ƙasa, kowace da shukar taba a ciki. Na ce ashe ya bar aikin gwamnati ya koma sayar da taba. Ya jera su a baranda ya ce in zauna.

Ya ce cutar nan guda ce, kakansu ɗaya, amma zuriyar ta rabu gida-gida, kowane gida da halinsa. Tunda ba a ganin fuskarsu, da aikinsu ake gane su. Sai a matse ruwan ganyen da ya kamu, a goga a ganyen taba mai lafiya a cikin ɗakin raga inda ƙwaro ba ya shiga, a jira a ga abin da zai faru. Ya nuna tukunyar farko, ganyen ya yi dabbare-dabbare kawai. Ya ce wannan gida ɗaya ke nan, shi ne gama-gari. Ya nuna ta biyu, jijiyoyin ganyen sun ƙone sun yi baƙi kamar an bi su da wuta. Ya ce wannan wani gidan ne daban, kuma muguntarsa ita ce a jikin dankali da ƙyar yake nuna kansa, sai ka rantse shukar lafiyarta ƙalau. Ta uku ya ce ita ma gidanta daban, ya gane ta ne da ya gwada ta a wani irin dankali da suke ajiyewa don wannan aiki. Sai ya jawo ta ƙarshe. Ya ce wannan ta rikita shi: a taba tana halin wancan gida, a dankali tana halin wannan. Ko biyu ne suka haɗu a shuka ɗaya, ko wani abu ne da bai sani ba.

Ni fa, maimakon tsoro, wani daɗi ne ya fara kama ni. Na tambaye shi ko akwai wani lambu a ƙasar nan da ya tara su haka. Ya ce bai taɓa gani ba. Na ce to in sabuwa ce a sa mata sunana.

Sai ya koma mota ya ɗauko wata tukunya da ya bari a kujerar gaba. Tumatir ne. Ganyen ya lanƙwashe, ya yi tabo, shukar ta tsugune kamar marar lafiya.

Ya ce, "Yaya Bala, tumatir da tattasai da taba duk dangin dankali ne. Tattasai ban tabbata ba tukuna. Wannan kuwa ga shi kana gani. In irin nan ya shiga fadamarku, darɓa ba ta san iyakar gonar wani ba."

Wannan ne karo na farko da Ummanku ta ce ta ga bakina a buɗe ba magana.

Nuhu ya ce a haƙa rami a ƙone shi. Ummanku ta ce ba a gidanta za a ƙone abinci ba, kuma in aka yi haka mutanen gari za su ce hana su na yi. Na ce bari in tafi yanzu in tare su. Amma na san Yaya. Zai ce a kai shi ya gani da idonsa, zai ɗauki ƙwaya sumul ya juya ta a hannu ya dube ni, ni kuwa ban taɓa ce masa a'a ba tunda aka haife ni. Nuhu ya ce to a ba su su ci, tunda cutar ba ta kama mutum, a dai gargaɗe su kada su shuka. Ni da Ummanku muka dube shi tare. Yaron nan ya daɗe a Turai. Manomin garinmu ko yunwa za ta kashe shi ba ya cinye abu kaf, sai ya ware iri. Ka ba shi lemo mai zaƙi, zai tofa ƙwallon a aljihu. In aka ba su ɗanye, rabi zai shiga tukunya, rabi zai shiga ƙasa.

Ummanku ce ta ce, "To kada a ba su ɗanye."

Kafin rana ta faɗi an aro tukwanen biki daga wajen wata 'yar uwarta a Tudun Wada, an kirawo mata masu girki daga Gawuna. Da sassafe kukun Alƙali da na Likita suka tsallako da wuƙaƙensu. Aka zauna cire tsiro da fira, ana zubar da duk wanda ya yi kore. Wani a dafa, wani a soya, wani a yi fate. Hayaƙin da ya tashi daga gidanmu ranar, jiragen sama sai da suka canja hanya.

Motar ta iso kafin Azahar, cike da maza, kowa da buhunsa a naɗe a hammata. Suka sauko suna shaƙar ƙamshi suna murna, sun zaci walimar tarba ce. Na zaunar da su a inuwar darbejiya, Nuhu ya jera tukwanensa, na yi musu bayani. Ban taɓa yin gajeren jawabi kamar wannan ba. Wani tsoho ya tambaya, wato abin da ke cikin tukwanen girkin can shi ne irin? Na ce shi ne. Yaya Sani ya tashi ya ce a nuna masa ɗakin. Akwai sauran da ba a kai ga firewa ba, matasa suna ta kwasowa. Ya shiga shi kaɗai, ya jima, ya fito.

Mutanenmu dai sun ci, don fushi daban yunwa daban. Da aka tashi tafiya na tsaya a bakin ƙofa na mai da abin wasa. Na ce duk wanda ya san ɗanyen dankalina ya bi shi aljihu, ya sake shi ya koma gidan ubansa. Aka fara dariya. Wannan ya zaro daga aljihu, wancan daga cikin hula, wani daga ƙullin wando. Mai unguwa da kansa ya kwance rawani, suka zubo. Kwando ya kusa cika. Kowa ya hau mota, saura mutum ɗaya, kuma aljihun rigarsa ya yi nauyi ta gefe guda, kowa yana gani.

Ku da kuka tashi a GRA ba za ku gane nauyin wannan ba. Ƙani ba ya tare yayansa a ƙofa, balle wanda ya riƙe shi, balle a gaban mutanen gari. Na cire takalmi na durƙusa a gabansa a kan tsakuwa.

Na ce, "Yaya, ka yi mini rai."

Ya ce, "Guda nawa ne, Bala? Zan shuka su a bayan ɗaki, nesa da fadama."

Na ce ko guda ɗaya ce.

Na san abin da yake so: ya koma gida da wani abu a hannu, ko da shaidar cewa bai ja mutane a banza ba. Sai ya zura hannu ya fito da su, bai ba ni ba, ya taka har wajen matan ya jefa su a tukunya da kansa. Ya hau gaban mota. Ko loma ɗaya bai ci ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ba ku sani ba, don ba a ba da shi da dariya. Lokacin yafa irin tumatir ya riga ya wuce, kuma duk wanda ya ware wa dankali wuri bai yi renon dashen da zai cike shi ba. Yaya Sani, wanda kowace shekara shi ke ba mutane dashe, ya bi gonaki yana roƙon ragowar na wasu, ya fara cike na waɗanda suka bi shi kafin nasa. Nasa ya shiga ƙasa a makare, zafi ya riske shi, rabin fadamar bai ba da abin kirki ba. A gidansa an ji shekarar a tukunya. Na aika da hatsi, ya karɓa saboda iyali, bai aiko da godiya ba. Da aka haifi Sani ƙarami, wanda na sa wa sunansa, bai zo suna ba, matarsa ya turo. Na yi ta zolayar mutane a wajen sunan kamar kullum, amma Ummanku ta san inda idona yake komawa.

Tumatirin garinmu kuwa bai kamu ba, ba a shekarar ba, ba a ta gaba ba. Nuhu ya ce ba zai iya rantsuwa cewa da lallai ya kamu ba, don shi malamin kimiyya ne, ba ya rantsuwa sai da tukunya a hannu. Bayan shekaru masu yawa ya gaya mini cewa yanzu ba sai an wahalar da taba ba, ana karanta rubutun halittar cutar kai tsaye, kuma an gano gidajen nan suna cuɗanya in suka haɗu a shuka ɗaya, su haifi ruwa-biyu. Na ce ka ga, a lambuna aka fara ɗaura wannan aure. Ya ce bai ce haka ba. Na ce bai kuma ce ba haka ba ne. Har yau bai sa mata sunana ba.

Sai da rani ya sake zagayowa, wata safiya Malam Ado ya shigo da kwandon tumatir, ya ce wani direba ne ya sauke a ƙofa, ba saƙo. Na gane saƙar kwandon, ta gidan Yaya ce. Da Sallah na tattara ku duka muka tafi gida. Yaya ya karɓi takwaransa ya ɗora a cinya, ya tofa masa addu'a. Muka zauna a zaurensa da dattawa, aka kawo fura, hira ta yi daɗi, har na ji bakina ya dawo. Na fara ba su labarin yadda masana suka yi mamakin lambuna, yadda ba a taɓa tara dangin cuta ɗaya a wuri ɗaya haka ba a duk Afirka, da yadda ni kaɗai na tsaya a ƙofa na ceci tumatirin gari. Na ce in da ana adalci, da an ba ni sarauta.

Yaya Sani ya ajiye ludayi, ya goge baki, ya gyara wa yaron hula.

Ya ce, "Ai ka cancanta. 'Ya'yan wasu garuruwan sun je birni sun kawo wa mutanensu famfo da asibiti. Namu ya tara cutar duniya a ɗaki ya kunna mata iyakwandishan."